“More better”: kuskure ne ko kuwa? Fashin baƙi kan kalmar “more” ta Ingilishi

Duk lokacin da wani babba ya tsaya gaban makirufo ya saki “more better”, kafin ya koma mazauninsa an yanko wajen an watsa a Facebook da WhatsApp, ana ta shewa. Daga nan sai a rabu gida uku. Wasu su ce ya shiga makaranta amma makaranta ba ta shige shi ba. Wasu su ce ai Turanci ba harshen uwarsa ba ne, tunda an gane abin da yake nufi magana ta ƙare. Sai kuma masu ɗan karatun adabi su leƙo su ce Shakespeare ma, shahararren marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, ya faɗi haka, don haka kowa ya kama bakinsa.

To, kuskure ne ko ba kuskure ba ne? In kuskure ne, me ya sa yake yawan fitowa daga bakinmu, har bakin masu digiri? Kuma shin a nan ne kalmar “more” ta fi yi mana ɓarna, ko akwai wani wurin da ba a lura da shi ba saboda ba ya ba da dariya?

Na daɗe ina koyar da Ingilishi a sakandare, kuma wannan kalma ta sha jan birona fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Sai da wata ɗaliba ta tsare ni da tambaya sannan na gane cewa na yi shekaru ina gyara kuskuren ba tare da na san daga inda yake ɓullowa ba. Zan zo kan labarinta.

Wace ce “more” ɗin?

Da farko a raba ta da tamu. Hausa ma tana da “more”, ta more rayuwa da ababen more rayuwa, kuma a rubuce babu abin da ya bambanta su. Amma ba dangin iya ba na baba. Ta Turawa ana faɗinta kusan kamar “mo” mai ɗan ja, musamman a bakin mutanen Ingila da ba sa furta “r” ɗin ƙarshe. Amurkawa ne ke murɗa harshe su fito da ita.

Aiki uku take yi. Tana zuwa gaban suna ta nuna ƙari: “more water”, ƙarin ruwa, “more people”, ƙarin mutane. Tana iya tsayawa ita kaɗai, kamar yaron da ya miƙo kwano ya ce “I want more”, wato a ƙara masa. Na ukun shi ne wanda ya tara mu a nan: aikinta na bayanau, wato kalmar da ke ƙara bayani a kan wata, inda take jingina da sifa ko wani bayanau ko aikatau don ta nuna fifiko. “More expensive”, ya fi tsada. “More slowly”, a hankali fiye da da. “She works more”, ta fi yin aiki.

Tsohuwar kalma ce. Tun kafin shekarar 1066, lokacin da Normandawa masu jin Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, tana nan cikin tsohon Ingilishi a siffofi biyu, “ma” da “mara”, kuma ’yar’uwarta tana nan a Jamusanci har gobe, “mehr”. “More” ita ce matakin tsakiya na tsani mai hawa uku: “much” ko “many” a ƙasa, “more” a tsakiya, “most” a sama. Abin da ba ta cika yi ba a wancan zamani shi ne tsayawa gaban sifa. Mutanen lokacin ɗafa-ƙeya, wato ƙari a ƙarshe, suke yi wa kalma in za su nuna fifiko, abin da ya zama “-er” da “-est” a yau. Daga wajejen ƙarni na 13 ne salon “more” da “most” ya fara yaɗuwa sosai. Masana sun yi saɓani a kan ko Faransanci da Latin ne suka koya wa Ingilishi wannan ɗabi’a ko kuwa tsirowa ta yi daga cikin gida, amma babu musu cewa dubban dogayen kalmomin da aka aro daga Faransanci sun sa an ƙara bukatarta. Gwada cewa “beautifuller” ko “expensiver” ka ji yadda harshe ke sarƙewa.

Hanya biyu zuwa gida ɗaya

Wannan tarihi ne ya bar wa Ingilishi hanya biyu ta yin abu ɗaya, kuma ƙa’idar zamani ita ce ka bi ɗaya, kada ka raba ƙafa.

Kalma mai gaɓa ɗaya ɗafa-ƙeya take ɗauka: “tall” ta koma “taller”, “cheap” ta koma “cheaper”. Mai gaɓa uku ko sama da haka “more” take ɗauka: “more difficult”, “more important”. Rigimar tana wajen masu gaɓa biyu. Waɗanda suka ƙare da “y” galibi ɗafa-ƙeya suke so, “easier”, “happier”, “heavier”. Masu ƙarewa da “-ful” ko “-ous” ko “-ing” sai “more”: “more careful”, “more famous”, “more boring”. Akwai kuma ’yan ba-ruwanmu irin su “clever” da “common” da “polite”, waɗanda duk hanyar da ka bi da su ba wanda zai ce ka yi laifi. Bayanau da aka gina da “-ly” kuwa “more” ne abokin tafiyarsu, “more quickly”, “more carefully”. “Early” ce ta fita zakka, ita “earlier” take zama.

Sai ’yan tawaye, waɗanda suke sauya kama gaba ɗaya: “good” da “well” su koma “better”, “bad” ta koma “worse”, “little” ta koma “less”. A nan “more better” take faɗuwa. Kalmar “better” da fifikonta a cikinta ta zo. Ɗora mata “more” kamar zuba gishiri ne a miyar da aka riga aka sa wa gishiri.

Akwai wata ƙa’ida ƙarama da littattafan makaranta ba su cika kawowa ba, kuma tana burge ni. In halaye biyu na mutum ɗaya kake aunawa, to ko kalmar gajeriya ce “more” za ka sa. “He is more lazy than sick”: lalacinsa ya fi ciwonsa yawa. Ba a cewa “lazier than sick”.

Yadda Bahaushe yake gwada abu da abu

Yanzu ga labarin ɗalibar. ’Yar aji biyar ce, mai ƙoƙari, irin masu zama a layin gaba. Na ba su insha’i a kan ƙauye da birni, ta rubuta: “Life in my village is more better than life in the city.” Na ja layi a ƙarƙashin “more”, na rage mata maki. Da aka tashi sai ga ta da littafin a hannu.

“Malam, don Allah mene ne laifin wannan?”

Na ce ba a haɗa su biyun.

Ta ce, “To Malam, ai ‘better’ kyau ne, ‘more’ kuma fi. In na cire ‘more’ ina fi ɗin ya tafi?”

Na buɗe baki zan maimaita mata ƙa’ida, sai na yi shiru, domin yarinyar ba zuba kalmomi ta yi da ka ba. Lissafi ta yi, kuma lissafin nata daidai yake, illa dai da ma’aunin Hausa ta yi shi.

Duba yadda muke yi. “Audu ya fi Bala tsawo.” Ina sifa a nan? Babu. “Fi” aikatau ne cikakke, yana da mai yi yana da wanda aka yi wa, kamar “doki” ko “kama”. “Tsawo” kuwa suna ne, kuma ba ya motsi: ko Audu ya fi, ko bai kai ba, ko sun yi daidai, tsawo yana nan tsawo. Haka kyau, haka zaƙi, haka nauyi. Duk nauyin kwatancen a wuyan aikatau yake. Shi ya sa ma yake iya tsayawa ba tare da an ambaci abin da aka fi da shi ba: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, zuwa da kai ya fi aike. Ba a ce ya fi shi mene ne ba, amma kowa ya gane.

Ingilishi kuwa sifar ce take sauya jiki. Saboda haka Bahaushen da ya fara koyo yakan nemi “fi” ɗinsa a cikin jimlar Turanci, ya samu “more” ya riƙe ta gam. In ya ga “better” ko “taller” ko “cheaper”, ba ya jin fifiko a cikinsu, domin a kunnensa kalmar hali ba ta ɗauke da fifiko. Sai ya kawo “more” ya cike giɓin da yake gani. Daga wannan rijiya ɗaya ake ɗebo “more taller” da “more easier” da “he is tall more than me”. Daga nan kuma “he senior me” ta fito, domin mu “ya girme ni” muke cewa, da aikatau, sai aka mayar da “senior” aikatau ƙarfi da yaji.

Ba mu kaɗai ba ne. Masanin harsuna Leon Stassen, a binciken da ya wallafa a 1985 kan yadda harsunan duniya ke kwatance, ya ware rukunin da ke amfani da aikatau mai ma’anar fi ko wuce, kuma harsunan Afirka kudu da Sahara sun cika wannan rukuni. Yarbawa suna da “ju” da “lo” masu wannan aiki. Turancin Buroka ma, da ya tashi gina nasa, “pass” ya ɗauka a madadin “more” da “-er”: “I big pass you.” Kalmomin na Turawa ne, ginin kuwa namu ne na nan yankin.

Wanda ya yi karatun allo da na littattafai yana da wata madafa da ya kamata malaman Ingilishi su riƙa amfani da ita. Larabci ma hanya biyu gare shi. Yana sauya jikin kalma: “kabir” ta zama “akbar”, “hasan” ta zama “ahsan”. Yana kuma kawo kalmar taimako, “aksaru” ko “ashaddu”, ya biyo ta da suna, kamar a Suratul Kahfi aya ta 34 inda mai gonaki biyu yake cewa abokinsa “ana aksaru minka malan”, na fi ka dukiya. Babu almajirin da zai ɗora “aksaru” a kan “akbar”. Ranar da na fara cewa ɗalibai “better” kamar “ahsan” take, fifikonta yana cikinta, rabin ajin suka yi ajiyar zuciya. ’Yan’uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma sun san irin wannan tarko a Faransanci: “plus grand” daidai ne, amma “meilleur” ba ta karɓar “plus”.

Abin da na lura da shi daga baya shi ne, sau da yawa mai cewa “more better” ba “ya fi kyau” kawai yake nufi ba. So yake ya ce ya fi kyau nesa ba kusa ba. Bukatarsa halal ce, kayan aikin ne ya ɗauko ba daidai ba. Ingilishi yana da nasa: “much better”, “far better”, “a lot better”, ko “even better” in ana nufin na farkon ma yana da kyau amma wannan ya ɗara shi. Wanda aka ce wa cire “more” kawai, an ƙwace masa abu ba a ba shi madadi ba, gobe ma zai sake.

To, batun Shakespeare fa?

Gaskiya ne, ba ƙage ba. A wasansa The Tempest, na wajejen 1611, Prospero ya ce wa ’yarsa “more better”. A Julius Caesar kuma, na 1599, akwai “most unkindest”, fifiko kan fifiko. A zamaninsa wannan ba abin kunya ba ne, hanyar ƙarfafa magana ce. Ben Jonson, abokin zamaninsa, a littafin nahawunsa da ya fito a 1640 bayan rasuwarsa, yabon salon ma ya yi, ya ɗauke shi a matsayin fasaha irin ta Girkawan da.

Abin ya juye ne a ƙarni na 18, lokacin da masu rubuta nahawu suka tashi yi wa Ingilishi shinge. Fitacce a cikinsu shi ne Robert Lowth, malamin coci da ya zama bishop na Landan daga baya. A littafinsa na 1762 ya yanke hukunci cewa ninka fifiko bai dace ba, har ya kawo misalai daga Shakespeare a matsayin kurakurai. Wuri ɗaya ya ɗaga ƙafa: “most highest” da ke cikin tsohuwar fassarar Zabura, ya ce wannan ta dace tunda Ubangiji ake nufi, wanda ya fi mafi ɗaukaka ɗaukaka. Makarantu suka ɗauki hukuncin, mulkin mallaka ya ɗauko makarantun ya kawo mana, har abin ya iso allon ajinmu.

Sai dai mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. “Lesser”, da ake rubutawa a manyan jaridu ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, “less” ce aka ƙara wa “-er”, alhali ita kanta “less” fifiko ce. “Near” ma asalinta fifikon tsohuwar kalmar “nigh” ce, wato “nearer” ninki ne da aka manta da shi. Kuma har yau a wasu karuruwan Ingilishi na Birtaniya da Amurka ana jin “more better” a bakin mutanen da ba su da wani harshe sai shi.

Saboda haka kowane ɓangare yana da ɗan abin riƙewa. Masu dariya sun yi gaskiya cewa a daidaitaccen Ingilishi na yau kuskure ne. Inda suka zarce shi ne ɗaukarsa a matsayin ma’aunin hankali ko cancanta; mutum yana iya cewa “more better” ya kuma gina asibiti, wani ya zuba Turanci kamar ruwa ya bar mutane da ƙishirwa. Masu kawo Shakespeare kuma tarihinsu daidai ne, amma hujjar ba ta kai yaro ko’ina. Mai duba takardar WAEC ko NECO ba da ma’aunin 1611 yake dubawa ba. Kiredit a Ingilishi sharaɗi ne na shiga jami’a, kuma Ingilishi dole ne ga duk mai zana JAMB. A ganina zalunci ne babba ya ce wa yaro kuskuren ba komai, alhali shi ya riga ya haye.

Tunda an zo kan jarrabawa, ga wasu ’yan’uwan wannan tarko da masu saita tambaya ke ƙauna. “Senior”, “junior”, “superior”, “inferior” daga Latin suka zo da fifikonsu, kuma “to” suke ɗauka ba “than” ba: “she is senior to me”. Haka “prefer”: “I prefer tea to coffee”, ba “than” ba, ba kuma “more than” ba. Sai kalmomin da ake cewa ba su da hawa-hawa, irin su “unique” da “perfect” da “equal”. A aji ka kiyaye su. A waje kuwa, gabatarwar tsarin mulkin Amurka na 1787 tana ɗauke da “a more perfect Union”, kuma George Orwell da gangan ya karya ƙa’idar a Animal Farm, wanda aka fassara da sunan Gandun Dabbobi, inda aladu suka rubuta cewa wasu dabbobin “more equal” ne. Duk dafin maganar a cikin karya ƙa’idar yake.

Inda gizo ke saƙar

Duk abin da aka faɗa a sama, iyakar asararsa maki ne ko ’yar kunya. Wanda ya ce “more better” an fahimce shi sarai. Wurin da “more” take cutar da mutane shi ne inda jimlar take daidai ɗari bisa ɗari a nahawu, amma ma’anarta ta rabu biyu, ko mai karatu ya ɗauke ta a karkace.

Ɗauki wannan, irin wadda ake ji a jawaban jami’ai: “We will employ more qualified teachers.” Me aka yi alkawari? In “more” tana tare da “teachers”, ƙarin malamai ƙwararru za a ɗauka, yawa zai ƙaru. In kuwa tana tare da “qualified”, malaman da suka fi na yanzu ƙwarewa za a ɗauka, kuma wannan yana iya nufin za a sallami wasu a maye gurbinsu ba tare da yawan ya ƙaru ko da mutum ɗaya ba. A magana da baki, inda aka ɗora murya yakan nuna wanda ake nufi. A takarda babu wannan. Mai fassara a gidan rediyo dole ya zaɓi ɗaya, domin Hausa ba ta yarda a tsaya a tsakiya: ko “ƙarin” ko “waɗanda suka fi”. Ya zaɓa cikin gaggawar labaran ƙarfe shida, masu sauraro su riƙe abin da suka ji a matsayin alkawarin gwamnati. Haka “more affordable houses” da “more modern equipment”. Ni dai duk inda na ga “more” ta biyo da sifa sannan suna na jam’i, sai na tsaya na sake karantawa.

Ga wata mai iya haɗa faɗa a gida: “She loves Musa more than me.” Ko dai ta fi son Musa a kaina, ko kuwa ta fi ni son Musa. Ka ga Hausa ta raba su tsaf, da ɗan matsar da wakilin suna kawai. Bature in yana son ya fita daga ruɗanin sai ya tsawaita: “more than I do” ko “more than she loves me”.

Sai lissafi, wanda nan ne aljihu yake shiga. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya tashi daga naira 30,000 da aka sa wa hannu a 2019 zuwa naira 70,000 a 2024. Ƙarin naira 40,000 ke nan: “40,000 more”. A kaso, kimanin 133 cikin ɗari ne aka ƙara, “133 per cent more”, shi ya sa ake cewa “more than doubled”, ya ninka har da ɗoriya. Amma sabon albashin kashi 233 ne na tsohon. Lambobi biyu, duka gaskiya, kuma kalmar “more” ce kaɗai ke nuna wanne ake nufi. Wadda ta fi rikitarwa ita ce “three times more”. In kana biyan 10,000 aka ce sabon kuɗin “three times more” ne, yawancin masu magana 30,000 suke nufi, amma mai bin lissafi zalla zai ce 10,000 ɗinka da ƙarin uku irinta, 40,000. Turawan ma ba su gama daidaitawa a kai ba. “Three times as much” ce ba ta da ƙura, 30,000 cif. In takardar haya ce ko ta bashi, a sa a rubuta adadin da lamba.

Wadda ta taɓa ni a gida ita ce “not more than”. Ɗan yayata ya ga tallar aiki a wani kamfani, an rubuta “not more than 28 years”. Shekararsa 28 da ’yan watanni. Ya naɗe tabarmarsa bai nema ba. Sai bayan an rufe yake gaya mini a wajen wani suna.

“Kawu, ai sun ce kada mutum ya kai 28.”

Na ce ya nuna mini a wayarsa. Da na karanta sai na ce, “Ɗana, ba cewa suka yi kada ka kai ba, cewa suka yi kada ka wuce.”

Ya yi shiru yana kallon allon wayar. “Not more than 28” ta haɗa da mai 28. “Less than 28” ko “under 28” ce take fitar da shi. Ta ɗaya gefen kuma, “more than five years” a tsantsar ma’anarta ta fitar da mai shekara biyar cif, “at least five” ko “not less than five” ce take shigar da shi. Abin haushin shi ne Hausa tana da wannan bambanci a sarari, bai kai ba da bai wuce ba, kuma yaron ba zai taɓa ruɗa su ba in da a harshensa aka rubuta. Ba na cewa da ya nema da ya samu. Amma da bakinsa ya kori kansa kafin kowa ya kore shi.

A jikin kwalin magani kuwa wannan jimla ba ta wasa ba ce. A kan farasitamol mai miligiram 500 za ka ga an rubuta wa manya “do not take more than 8 tablets in 24 hours”. Wannan iyaka ce, ba umarni ba. Ba cewa aka yi ka sha takwas ba. Cewa aka yi ko ciwo ya yi tsanani kada ka haura takwas a kwana ɗaya, ɗaya ko biyu a lokaci guda, da tazarar aƙalla awa huɗu. Wuce wannan yana iya lalata hanta. Mai kemis da ke fassara wa tsohuwa ya kamata ya ce “kada ki wuce”, ya kuma maimaita.

Sauran amfaninta ba su da wuya, a taƙaice: “once more” a sake sau ɗaya, “more or less” kusan haka, “more and more” yana ta ƙaruwa, “the more you read, the more you understand” iya karatunka iya fahimtarka. “More than happy” ba lissafi ba ne, ladabi ne, da farin ciki matuƙa. Wanda ya karanta “he is no more” a saƙon waya kuma, kada ya tsaya tambayar ina ya tafi. Rasuwa ake sanar da shi.

Hausa ma ta kamu

Abin da masu dariyar nan ba su lura da shi ba shi ne cutar ta yi kome. Saurari labarai ko ka karanta shafukan Hausa na intanet, za ka ji “wannan ya fi muhimmanci fiye da wancan”, “farashin bana ya fi tsada fiye da na bara”. Dubi jimlar da kyau: ga “fi”, ga kuma “fiye da”. Fifiko biyu a jimla ɗaya. “More better” ce sak, sanye da babbar riga.

Hanyar da ta shigo ba ɓoyayya ba ce. Mai fassara yana kallon “more important than”, ya ba wa “more” “fi”, sai ya ga “than” tana zaune ba a ba ta komai ba, ya ɗauko “fiye da” ya ba ta. Lissafin ɗalibata ne aka juya shi ta baya: ita ta nemi “fi” a cikin Turanci, shi yana neman “than” a cikin Hausa. Alhali Hausa ba ta bukatar “than”, domin wanda aka fi ɗin kai tsaye yake bin aikatau. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ban taɓa jin ta ce gero ya fi tsada fiye da dawa ba. Gero ya fi dawa tsada, haka take cewa, ta ɗaure bakin buhunta.